Jaz a Tankin Fetur: Tafiyarmu da Yumma Zuwa Mafaza

Laraba, Gadarif

Ladan bai gama kiran assalatu ba na riga na ɗaga bonet, fitilar waya a bakina, ina sake duba baƙin mai. Sakina matata na tsaye a bakin ƙofa da butar shayi, tana cewa da motar nan tana da baki da tuni ta roƙe ni in ƙyale ta haka. Ban kula ta ba. Na duba ruwan lagireto, na taɓa kowace taya, na rufe bonet a hankali, sannan na shiga ciki in taimaka wa mahaifiyata ta fito. Mu nan Yumma muke ce mata.

Dalilin tafiyar shi ne Halti Zainabu, yayar Yumma uwa ɗaya uba ɗaya, wadda ke zaune a gidan mahaifinsu a Mafaza, bakin kogin Rahad. Ɗanta Musa ya zo daga Madina zai tafi da ita ranar Juma'a da sassafe, kuma ta faɗa wa kowa ba dawowa za ta yi ba. Ta ce kakanninmu da ƙafa suka baro ƙasar Hausa don aikin hajji, ƙarfinsu ya ƙare a nan, ita za ta ƙarasa musu tafiyar ta zauna can. Yumma kuwa shekaru ke nan ba ta ga yayarta ba, saboda ciwon bayan da ya hana ta hawa lori ko boksi, motar a-kori-kurar da ke jigila tsakanin ƙauyuka. Likita ya ce girgiza mai ƙarfi na iya kwantar da ita gaba ɗaya. Musa ya ce ai bas ɗinsu zai ɗan tsaya a Gadarif, su gaisa a can. Yumma ta ce atafau. Ita za ta ƙunsa wa yayarta lalle da hannunta ranar Alhamis, su kwana ɗaki ɗaya a gidan ubansu, ko da shi ne abu na ƙarshe da za ta yi da ƙafafunta.

To, da ma don ita na sayi motar. Bari in gaya muku irinta, don duk wanda ya san ni ya san ba zan wuce wurin nan ba. Ƙaramar motar iyali ce, ta hannu, mai kujeru masu taushi. Injinta na fetur ne, silinda huɗu, lita ɗaya da ɗigo shida, bawul goma sha shida. Ba shi da kafireto, injekta ce ke fesa masa mai daidai cikinsa, shi ya sa ba ya sha da yawa. Sarƙa ce ke juya masa bawul, ba bel ba, don haka babu fargabar bel ya tsinke maka a daji. Abin da yake so kaɗan ne: a juye masa baƙin mai duk kilomita dubu biyar, a busa masa filtar iska, kada a bar shi ya yi zafi, don kansa na alminiyam ne, in ya dahu sau ɗaya sai ya lanƙwashe. In ka ba shi wannan, sai dai ka gaji da shi.

Abokaina a kasuwar riɗi dariya suka yi mini ranar da na kawo ta. Gadarif ƙasar tarakta ce da lori da boksi, duk masu shan jaz, wato man manyan injuna. Suka sa wa motata suna 'yar birni, suka ce ranar da ta taka baƙar ƙasar gona za ta yi kuka ta nemi uwarta. Na haɗiye, na ce akwai rana. Ga ranar ta zo, zuciyata sai tsalle take kamar ni ne mai tafiya Madina.

Muka jera wa Yumma matasan kai uku a kujerar baya. Ƙullin lallenta ta ƙi yarda a sa a but, a cinyarta ta riƙe. Fetur na wuya a gari a lokacin, layin da na bi bai ba ni fiye da rabin tanki da ɗan galan guda ba, amma na lissafa zai kai mu Mafaza, can kuma na sayi na dawowa wurin masu sayarwa a kwalba. Na yi bisimilla na murɗa makulli, injin ya tashi bugu ɗaya, shiru kamar keken ɗinki.

A shingen fita gari wani matashin soja ya haska mu, ya ga tsohuwa cikin matasan kai, ya tambayi inda za mu. Yumma ta ba shi labarin yayarta tun daga haihuwa. Ya saurara iya haƙurinsa, ya ce Allah ya kai mu lafiya, ta sa shi cikin addu'ar da za a yi a Madina. Muka hau kwalta muka miƙa yamma, gari na wayewa a bayanmu.

Gedambaliya

Shirinmu shi ne mu raba tafiyar biyu saboda bayan Yumma: mu kwana Gedambaliya wurin ƙanenta Kawu Isiyaku, gobe mu ɗauke shi mu ratsa ta cikin gonaki zuwa Mafaza. A hanya mun tsaya wurin wata mai shayi a gindin bishiya, muka sha da madara da zalabiya, wato fanke, mai zafi. Na taɓa bonet, ɗumi kawai. Allurar zafi na zaune a tsakiya ba ta motsi. Na ce wa Yumma ta duba ta gani, ta ce ita ba ta san allura ba, ta dai san bayanta bai ce komai ba tukuna, kuma wannan ya ishe ta.

Da hantsi muka sauka daga kwalta muka shiga ƙasar gona. Kaka ce, dawa ta nuna iyakar ganin ido, injunan girbi na ta kai da kawo, ƙaiƙayi na tashi a bayansu. Ƙasar ta bushe ta tsattsage, amma sawun lori ya daddaɓe hanya. Na sa giya ta biyu na bi a hankali, ina ɗora taya a kan tudun sawu don kada cikin motar ya gogi ƙasa. 'Yar birni ba ta yi kuka ba. Na so a ce 'yan kasuwar riɗi na nan.

Kawu Isiyaku ya tarye mu tun daga nesa, rawaninsa fari tas, hannu a sama. Mutum ne mai shekaru saba'in da ɗoriya, ya yi noman inji tun ina cikin zani, kuma bai taɓa riƙe sitiyari ba, direbobi ke masa. An san shi da abu ɗaya a duk yankin: baƙo ba ya barin gidansa yadda ya zo. In da jaki ka zo, za a ɗora masa dawa. In da lori ka zo, za a cika maka tanki daga durom ɗinsa, ka so ko ka ƙi. Na san da wannan hali tun ina yaro, amma wallahi ko kaɗan bai zo mini a rai ba a ranar.

Ya rungume ni, ya durƙusa gaban yayarsa, sannan ya zagaya motar sau biyu yana ƙwanƙwasa ta da ɗan yatsa kamar mai sayen kankana. Ya ce kyakkyawa ce, amma ƙarama. Aka yanka akuya, aka kawo kisra, wainar dawa mai faɗi, da miyar kuɓewa busasshiya, aka dafa jabana, wato gahawa, da citta har sau biyu. Yumma ta miƙe a kan angareb, gadon igiya, a inuwar rumfa, suna ta hirar mutanen da suka mutu tun kafin a haife ni.

Ni kuwa da la'asar na koma wurin motata. Ƙaiƙayin dawa ya liƙe a fuskar lagireto kamar an shafa. Wannan shi ne abin da ke kashe ƙananan motoci a nan lokacin kaka: iska ta kasa ratsawa, injin ya dahu, mai mota ya ce motar ce ba ta da kyau. Na aro bututun iskar da suke hura tayar tarakta, na busa lagireto daga ciki zuwa waje, na cire filtar iska na karkaɗe. Kawu na zaune kusa yana kallo, ni kuma baki ya buɗe, ina ta zuba masa bayanin silinda da injekta. Yana ta gyaɗa kai yana cewa tamam, tamam, rabin hankalinsa na kan buhunan da ake lodawa. Ya leƙa ciki ya tambaye ni wace allura ce ta mai. Na nuna masa, tana ƙasa da rabi. Ya ce uhm.

Alhamis, hanyar gonaki

Bayan sallar asuba na tsaya a masallaci gaisawa da dattawa, sannan aka tsare ni da shayi. Rana na fitowa muka ɗauki hanya, Kawu a gaba kusa da ni, Yumma a baya da lallenta. Sanyin safe, hanya a buɗe, lissafina ya nuna kafin azahar muna Mafaza. Har waƙa na fara yi ƙasa-ƙasa.

Ba mu yi nisa ba idona ya faɗa kan allurar mai. Ta haura can sama, ta kusa cika. Na ɗan bubbuga gilashin da yatsa, na ce ko geji ya lalace. Sai na ji Kawu na dariya a cikin gemu.

"Ba abin da ya lalace, ɗan yayata. Ni na cika maka kana masallaci. Da na tambaye ka ai ƙi za ka yi."

Na juya na dube shi. Na ce, "Kawu, daga wane durom?"

"Durom nawa gare ni? Na jaz mana, mai kyau, wanda nake ba sabuwar tarakta."

Kafin in buɗe baki injin ya amsa da kansa. Ya yi tari, ya yi shaƙuwa, motar ta fara zabura tana tsayawa, farin hayaƙi ya turnuƙe a madubi. Na kashe shi nan take, muka gangara muka tsaya tsakiyar gonar da aka girbe, babu kowa sai kara da tsuntsaye.

Jama'a, raina ya ɓaci irin ɓacin da ban taɓa ji ba. Ƙanen uwata ne, dattijo ne, alheri ya yi nufi, ba dama in ɗaga masa murya. Na fita na tafi cikin kara har inda ba za su ji ni ba, na faɗa wa karan dawa duk abin da ke bakina, na shuri ɓurɓushin ƙasa har yatsana ya yi zafi, sannan na dawo. Na tarar Kawu ya fito yana kare kansa wurin Yumma. Wai ya san motar fetur ce, amma man da ke jan tarakta da garma goma sha, yaya za a yi ya kasa jan wannan 'yar ƙwarya? A ganinsa fetur abincin babur ne da raksha mai ƙafa uku, jaz kuwa abincin manya, shi ya sa ya zaɓa mini mafi ƙarfi.

Na yi masa bayani da muryar da na iya saitawa. Injin tarakta matse mai yake yi har ya kama wuta da kansa. Nawa kuwa tartsatsin fulogi yake jira, kuma jaz mai nauyi ne, mai maiƙo, tartsatsi ba ya kunna shi, sai dai ya jiƙa fulogi ya toshe injekta. Tafiyar da muka yi ma ragowar fetur ɗin da ke cikin tiyo ne ya kawo mu. Yanzu duk abin da ke tankin nan, har da fetur ɗina na layi, ya zama na zubarwa. Ina magana fuskarsa na sauyawa, har ya zauna a ƙasa da farar jallabiyarsa.

Yumma ba ta yi faɗa ba, kuma da ta yi da ya fi mini sauƙi. Ta dubi rana, ta dubi ƙullin da ke cinyarta, ta ce Isiyaku ya kira tarakta da tirela, a shimfiɗa mata tabarma a ciki. Na san hanyar nan, na san tirela. Kafin a kai Mafaza sai dai a sauke ta a kwance, in ma ta sake tashi.

"Yumma, ki ba ni zuwa la'asar. In ban tayar da ita ba, ni da kaina zan ɗora ki."

Ta dube ni. Ta ce, "Na ba ka. Amma ka sani gobe war haka ba ni da yaya a ƙasar nan."

Na shimfiɗa mata a inuwar wata ƙaya, na tuɓe riga na kama aiki. Abin da ya cece ni shi ne na kashe injin da wuri, kuma ba na fita gari sai da akwatin sifana da filtar mai sabuwa. Famfon mai na motar a cikin tanki yake, don haka ba sai na shiga ƙarƙashi ba. Na zare tiyon da ke kai mai wurin injin, na ɗaura masa wani dogo, na haɗa waya a wurin fis yadda famfon zai yi ta aiki ba tare da injin ya tashi ba. Sai abin zubawa, sai kuma babbar matsala: fetur. Galan ɗina guda ba zai wuce wanke tiyo da fulogi ba, kuma a Gedambaliya ko'ina ka juya jaz ne.

Kawu ya miƙe ya karkaɗe jallabiya, ya ce in bar masa wannan. Ya kira direbansa a waya, ba a jima ba tarakta ta iso da jarkoki babu komai ciki. Ya haye gefenta, dattijo mai rawani a kan murfin taya, suka juya suka bar ni ina kallon man Kawu na tsiyaya cikin jarka, ja-ja, mai warin da har yau ba na son ji. Jarka ta cika na sauya wata. Famfon na ta zuƙa, ni kuma ina ta addu'ar kada batir ya mutu. Da tiyon ya fara tofar da iska, na zuba rabin galan ɗina a tanki, na girgiza motar da kafaɗa, na sake zuƙe shi. Na sauya filta. Na kwance fulogi huɗun, duk sun yi baƙi sun jiƙe sharkaf, na wanke su da fetur da tsohon buroshin haƙori na shanya a kan bonet.

Azahar ta yi, muka yi salla ni da Yumma. Babu Kawu, babu labarinsa. Ta ɓare dabino ta miƙo mini. Na karɓa, idona na kan hanya.

Inuwar ƙayar ta fara tsawo sai muka ji ƙarar tarakta, a bayanta babura uku. Ashe Kawu sansani-sansani ya bi, gona-gona, yana faɗa wa mutane da bakinsa abin da ya aikata, kuma yayarsa na zaune a daji. Wanda ke da babur ya kwantar da shi ya tsiyaye tankinsa. Mai injin ban ruwa ya ba da nasa, mai janareton cajin waya ya kashe ya juye, wani Bahabashe cikin masu yankan dawa ya kawo kwalba ɗaya da yake ɓoyo. Ga kwalaben lemo, ga buta, har da tukunyar shayi, kowanne da kalar fetur ɗinsa. Babu wanda ya yarda a yi masa maganar biya. Masu baburan nan uku kuma da ɗan abin da ya rage musu suka biyo, kawai su ga ƙarshen abin.

Na duba man na ga tsaki da ƙaiƙayi na yawo a ciki. Injekta ba ta yafe wannan, raminta bai kai tsinin allura ba. Na ce sai an tace, ina neman tsumma mai tsabta, sai na ga Kawu ya kai hannu kansa. Ya warware rawanin nan nasa da ban taɓa ganin kansa babu shi ba, ya yage gefe guda, ya ninka huɗu, ya shimfiɗa a bakin mazurari ya riƙe da hannu biyu. Duk sauran fushin da ke raina a nan ya tafi. Muka yi ta zubawa kwalba bayan kwalba, furfurarsa a rana, har allura ta ɗaga kusan rabi.

Na mayar da fulogi, na ɗaure tiyo, na zauna. Murɗawar farko injin ya juya bai kama ba. Ta biyu ya yi tari ya mutu. Batir ya fara kasala, direban Kawu ya jona mini waya daga tarakta. Na ce Ya Fattahu, na murɗa na uku. Ya kama, ya yi rawa, ya fesa farin hayaƙi har masu babura suka ja da baya, na riƙe masa totur kaɗan, hayaƙin na raguwa, na raguwa, sai ga muryarsa ta dawo sumul. Mutanen nan suka ɗauki kabbara. Ni kaina ban san lokacin da na fito na rungumi direban tarakta ba. Yumma kuwa har ta miƙe da kanta tana naɗe tabarma.

Mafaza

La'asar a hanya ta same mu, muka yi ta a gurguje. Da farko injin na ɗan shaƙuwa in na taka, sauran maiƙon ne ke ƙonewa, daga baya ya ware. Ga gaggawa, ga bayan Yumma, dole na riƙa lallaɓa kowane rami, ita kuma daga baya tana cewa in taka, bayan nata ne ba nawa ba. Kawu ya naɗa ragowar rawani mai warin fetur, ya kafa ido a kan allurar zafi, duk bayan ɗan lokaci ya sanar da ni tana tsakiya. Na bar masa aikin.

Gonaki suka ƙare, itatuwan bakin kogi suka bayyana, ga garken shanu na dawowa daga kududdufan Rahad, don kogin ya janye a wannan lokaci. Rana ta yi ja muka shiga gari. Tun daga kan kwana muka hango mata cike da ƙofar gida, ga tukwanen karama, abincin sadakar rakiyar matafiyi, an fara sauke su. Wata doguwar tsohuwa na zaune a kan kujera a waje, ta juya fuska wajen hanya. Halti ce, aka ce tun azahar take nan, ta ƙi shiga, ta kuma hana kowa ya taɓa mata hannu da lalle.

Ban gama tsayawa ba Yumma ta buɗe ƙofa. Matar da sai an riƙe ta take sauka daga gado, ta taka ƙafa ta nufi kujerar nan ita kaɗai. Idon Halti ya yi rauni, ba ta gane ta ba sai da Yumma ta ce, "Yaya."

"Rakiya? Kin makara, kamar kullum."

Suka riƙe juna, mata suka saki guɗa, ni na juya na buɗe bonet kamar akwai abin dubawa, don hawaye sun cika mini ido. Kafin magariba aka kwaɓa lalle, Yumma ta zauna a ƙasa ta ɗora ƙafar yayarta a cinya. Kawu ya ba maza labarin jaz da kansa, ya ƙara gishiri, har ya ce ya ji ni ina zagin karan dawa. Aka yi dariya har da masu riƙe ciki. Muka ci tuwon asida da miyar nama, muka kwanta a tsakar gida, su biyu kuma suka shige ɗakin mahaifinsu suka ja ƙofa.

Juma'a, komawa

Da asuba boksin da zai kai su Musa bakin kwalta ya iso. Halti ta fito da jan lalle har wuyan hannu, ta shafa jikin motata, ta tambaya ko wannan ce ta kawo Rakiya ba ta karye ba. Aka ce ita ce. Ta ce to ita ma a ciki za ta tafi har Gadarif, bas ya same ta can, kaya su bi boksi. Musa ya fara maganar tikiti, ta ce ya gyara da waya. Kawu ya ba Musa kujerarsa, ya ce zai biyo lori. Na sayi fetur a kasuwa, na shinshina kowace kwalba kafin a zuba, Kawu na tsaye yana riƙe da mazurari ba wanda ya sa shi.

Muka bi gefen kogi zuwa Faw, muka hau kwalta muka miƙa gabas. A kwalta ne injin nan ke nuna kansa, giya ta biyar, ba ƙara, ba girgiza, har kana jin numfashin na baya. Ni da Musa ba mu yi magana ba don kada mu katse su. Sun yi faɗa a kan wadda ta fasa tulun uwarsu shekara sittin da suka wuce, sun rera wata waƙar daka da ban taɓa ji ba, hannu cikin hannu. Na rage gudu da gangan, Musa ya lura, ya ƙyale ni.

A tashar Gadarif bas na ɗumama inji muka iso. Suka yafi juna a cikin mota, a hankali, ban ji duka ba. Musa ya riƙe uwarsa ya hau da ita. Muka tsaya har bas ɗin ya fita ya ɓace wajen hanyar Kassala, mai zuwa bakin teku.

Daga tasha zuwa gida ba nisa. Na tsaya a ƙofa na kashe injin, Sakina ta fito da murna tana sannu da zuwa. Na zagaya na buɗe wa Yumma ƙofa na miƙa mata hannu. Ba ta kama ba. Tafinta na kan kujerar da ke gefenta.

"Ka ɗan bar ni, Bashir. Wurin da ta zauna bai huce ba."

Na mayar da ƙofar a hankali, muka zauna ni da Sakina a dakali muna jiranta. Godiya ta tabbata ga Allah da ya kai mu ya dawo da mu, ga mutanen Gedambaliya da suka tura baburansu da ƙafa a ranar saboda mu, da Kawu Isiyaku. Sai da aka kira sallar Juma'a Yumma ta ƙwanƙwasa gilashi, na je na fito da ita.